Halimatu Ayinde: Daga Kaduna Zuwa Filayen Ƙwallon Duniya

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan ɗan bayani shi ne wata tambaya da kakata ta yi mini na kasa ba ta amsa, alhali kuwa ni ce 'yar makarantar da ake taƙama da ita a gidanmu. Kunyar da na ji ran nan ita ta sa na shiga bincike, abin da na samo kuwa shi nake so in ajiye a gabanku.

Ga yadda abin ya faru. Ran Asabar 26 ga watan Yuli 2025 ina gida Shanga, mun sami hutu. Bayan sallar isha'i kawuna ya ta da janareta, ya fito da talabijin tsakar gida, domin a daren nan ne 'yan ƙwallon ƙafa mata na Nijeriya, waɗanda ake kira Super Falcons, za su kara da na Maroko a birnin Rabat, a wasan ƙarshe na cin kofin Afirka. Tun ba a cika minti 25 da farawa ba Maroko ta zura mana ƙwallo biyu. Wasu suka naɗe tabarminsu suka tafi barci, suna cewa ai magana ta ƙare. Amma da aka dawo daga hutun rabin lokaci sai labari ya sha bamban. Esther Okoronkwo ta ci ɗaya da bugun fenareti, Folashade Ijamilusi ta ci ta biyu, sa'an nan saura minti biyu lokaci ya cika Jennifer Echegini ta ci ta uku. Aka tashi 3 da 2, Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka karo na 10.

Kaka ba ta san ƙwallo ba, ba ta kuma jin Turancin mai ba da labarin wasa, amma kunnenta ya kama suna guda da ta sani. Sai ta taɓa ni ta ce, "Ke, wannan Halimatu da ake ta kira, ɗiyar wa ce? A wane gari take zaune? Wa ke ci da ita?" Na yi tsuru-tsuru, domin ban da lambar rigarta babu abin da na sani game da ita. Baba kuwa, wanda ya san ina buga ƙwallo a makaranta ba da son ransa ba, sai ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Abin da ba ki san kansa ba, ba ki san gindinsa ba, shi kike so ki bi."

Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Saboda haka da muka koma makaranta na riƙa damun malamarmu ta wasanni da tambayoyi, na kuma bi labaran wasanni na rediyo da jaridu, har na haɗa abin da ya sauƙaƙa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Kulob da ƙasa

Kafin in shiga labarin Halimatu ya kamata in warware wani abu da ke rikita mutane da yawa, watau bambancin yi wa kulob wasa da yi wa ƙasa wasa. Kowane babban ɗan ƙwallo, namiji ko mace, gida biyu gare shi.

Gida na farko shi ne kulob. Kulob ƙungiya ce ta wani gari, ko ta gwamnatin jiha, ko ta wani kamfani. Shi ke ɗaukar 'yar wasa aiki, a rubuta yarjejeniya wadda ake kira kwantiragi, ta shekara ɗaya ko biyu ko fiye, a riƙa biyan ta albashi. A garin kulob take zaune, can take motsa jiki kusan kullum, kuma kusan kowane mako akwai karawa da wani kulob. Wanda ya ci wasa ya sami maki uku, in an yi kunnen doki kowa ya sami ɗaya, wanda ya fi tara maki a ƙarshen kakar wasa shi ke ɗaukar kofi. Idan kwantiragi ya ƙare ana iya sabunta shi, ko 'yar wasa ta nemi wani wuri. Idan kuma masu kulob suka ga ba ta yi musu ba, sai su sallame ta. Amsar tambayar Kaka ta uku ke nan, kulob ke ci da ita.

Gida na biyu shi ne ƙasa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, watau NFF, takan naɗa mai horarwa, shi kuma ya duba 'yan ƙasa duk inda suke wasa a duniya, ya zaɓi waɗanda suka fi ƙwarewa, ya aika musu da gayyata. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta keɓe waɗansu kwanaki a cikin shekara waɗanda tilas ne kulob ya saki 'yar wasansa idan ƙasarta ta kira ta. Sai su taru a sansani, a yi wasa, kowace ta koma inda ta fito. Ƙasa ba ta biyan albashin wata-wata, sai dai alawus da ladan cin wasa. Har ila yau, ana iya sake kulob sau da yawa, amma ƙasa kam, galibi in 'yar wasa ta riga ta yi mata manyan wasanni ba ta da ikon komawa wata.

Ƙungiyar ƙasa ma hawa uku ce. Akwai ta 'yan ƙasa da shekara 17, ana kiran ta Flamingos. Akwai ta 'yan ƙasa da shekara 20, ita ce Falconets. Sai ta manya, Super Falcons. Halimatu ta bi dukan matakan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba.

Yawon kulob-kulob

An haifi Halimatu Ibrahim Ayinde a garin Kaduna ran 16 ga watan Mayu 1995. Ke nan 'yar Arewa ce, ba daga wata uwa duniya ta faɗo ba. Amma manyan kulob-kulob na mata a Nijeriya galibinsu a Kudu suke, kamar su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Pelican Stars, na Arewa kuwa ba su da yawa. Don haka tun tana ƙarama sai da ta bar gida. Ta yi wasa da Nasarawa Amazons ta garin Lafiya, daga nan ta wuce Delta Queens ta Asaba.

A 2015 ta sami tafiya Amurka, inda kulob ɗin Western New York Flash ya ɗauke ta. Gasar mata ta Amurka tana cikin mafiya ƙarfi a duniya, don haka kowa zai ce ai ta haye. Sai dai abin bai zo mata da sauƙi ba. Kaka ɗaya kurum ta yi, a farkon kakar 2016 aka sallame ta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, a ƙarshen wannan shekara ta 2016 kulob ɗin ya ɗauki kofin Amurka, ita kuwa ba ta nan. A lokacin shekarunta 21. Ku duba fa, yarinya ta ƙetare teku da murna, an dawo mata da jakarta, sa'an nan ta ji labarin abokan wasanta na jiya suna ɗaga kofi. Da wata ce da nan ta rataye takalmi.

Ita kuwa sai ta nufi ƙasar Belarus a gabashin Turai, ta shiga kulob ɗin FC Minsk, a wannan shekara ta 2016. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, mai wani harshe dabam da wani irin rubutu dabam. A can ta buga gasar zakarun Turai ta mata, har suka kara da Barcelona ta ƙasar Sifen, ko da yake Barcelona ce ta yi nasara.

A 2018 ta koma ƙasar Suwidin. Amma ba a babban rukuni ta fara ba. Wani ɗan ƙaramin kulob ne mai suna Asarum, a kudancin ƙasar, wanda ke rukuni na biyu. Ku tuna a lokacin nan ta riga ta buga gasar cin kofin duniya, ta kuma ci kofin Afirka. Duk da haka ba ta ga ƙasƙanci ba ne ta koma ƙasa ta sake hawowa. A 2019 Eskilstuna United, wanda ke babban rukuni, ya ɗauke ta, can ta tarar da 'yar ƙasarmu Ngozi Okobi. Ta zauna nan har 2022, sa'an nan ta wuce FC Rosengård na birnin Malmo, ɗaya daga cikin manyan kulob-kulob na mata a Suwidin, inda shahararriyar 'yar wasan nan ta Barazil, Marta, ta taɓa wasa. Rosengård ya ɗauki kofin ƙasar a 2022 da 2024, Halimatu tana cikin 'yan wasansa.

Wani abin da na koya game da Suwidin shi ne, saboda ƙanƙara ba su buga gasarsu a tsakiyar hunturu. Sukan fara wajen watan Maris ko Afrilu su gama a Nuwamba. Mu nan bakin Kwara da sanyin hunturu ya busa sai kowa ya nemi wuta, to can fa ruwan tafki ma daskarewa yake yi. Amsar tambayar Kaka ta biyu ke nan, ba gari ɗaya ta zauna ba. Daga Kaduna sai Lafiya, sai Asaba, sai Amurka, sai Belarus, sai garuruwa uku a Suwidin.

Rigar ƙasa

Halimatu ta fara sa rigar Nijeriya a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Tirinidad da Tobago a 2010. Shekarunta 15 a lokacin, watau ba ta kai ni a yanzu ba. Nijeriya ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, Koriya ta Kudu ta fitar da ita da ci 6 da 5 bayan ƙarin lokaci. A 2012 ta sake zuwa irin wannan gasa a ƙasar Azarbaijan, ta ci ƙwallo huɗu, amma Faransa ta fitar da mu da bugun fenareti.

A 2014 ta hau matakin Falconets, suka tafi Kanada. Wannan karo sun kai har wasan ƙarshe, Jamus ta ci su 1 da nema a cikin ƙarin lokaci. A gasar nan ne tauraruwar Asisat Oshoala ta fito, ta ci ƙwallo bakwai, aka zaɓe ta gwarzuwar gasa. Wata biyu bayan haka Halimatu tana cikin Super Falcons da suka tafi Namibiya, suka doke Kamaru 2 da nema a wasan ƙarshe, suka ɗauki kofin Afirka. A 2016 suka bi Kamaru har gida suka ci ta 1 da nema a Yawunde. A 2018 kuma suka doke Afirka ta Kudu da bugun fenareti a Akara ta ƙasar Gana. In aka haɗa da na Rabat, kofin Afirka huɗu ke nan ta ci.

Gasar cin kofin duniya ta mata kuwa an fara ta a ƙasar Sin a 1991, kuma daga nan har zuwa ta 2023 babu wadda Nijeriya ba ta je ba. Halimatu ta je uku daga ciki. A Kanada a 2015 an yi 3 da 3 da Suwidin, amma ba mu fita daga rukuni ba. A Faransa a 2019 mun ci Koriya ta Kudu 2 da nema, muka kai zagaye na biyu, Jamus ta fitar da mu. Ta ukun ita ce ta Ostareliya da Niyu Zilan a 2023, wadda zan zo kanta nan gaba kaɗan.

Jan kati a Rabat

Kada wani ya ɗauka wannan tafiya duk daɗi ce. Ran 18 ga watan Yuli 2022 Nijeriya ta kara da Maroko a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, a birnin Rabat, gaban 'yan kallo fiye da 45,000, kusan dukansu magoya bayan masu gida. Minti uku da dawowa daga hutun rabin lokaci, alƙaliyar wasa ta je ta duba hoton bidiyo, ta dawo ta ɗaga wa Halimatu jan kati. Ga wanda bai sani ba, jan kati kora ce daga fili, kuma ba a maye gurbin wadda aka kora. Daga baya aka kori Rasheedat Ajibade ita ma. Mutum tara suka tsaya wa sha ɗaya har ƙarshen ƙarin lokaci ana 1 da 1, sa'an nan Maroko ta yi nasara da bugun fenareti, 5 da 4.

Hukuncin bai tsaya nan ba. Ya bi ta har shekara guda, domin da aka je gasar duniya a 2023 ita da Rasheedat ba su buga wasan farko da Kanada ba, sai kallo suka yi daga gefe. Da hukuncin ya ƙare ta dawo, aka ci masu gida Ostareliya 3 da 2 a birnin Brisbane, aka yi canjaras da Ailan. Ran 7 ga watan Agusta aka haɗu da Ingila, waɗanda a lokacin su ne zakarun Turai. Ingila tana da wata 'yar wasa Lauren James, wadda ta riga ta ci ƙwallo uku a gasar, kowa yana shakkar ta. Halimatu aka ɗora wa aikin tsare ta. Duk inda ta sa ƙafa tana biye da ita, har aka kusa tashi ba ta yi abin kirki ba, daga ƙarshe ta taka Michelle Alozie tana kwance, aka ba ta jan kati a minti na 87. An tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, Ingila ta tsira da bugun fenareti, 4 da 2.

A 2024 kuma rauni ya hana ta zuwa wasannin Olamfik na Faransa. Sai ga shi a 2025 ta koma Rabat, garin da aka kore ta daga fili shekara uku baya, ta sake fuskantar Maroko, wannan karo ta fito da kofi. Mu da muke zaune a tsakar gidan Kawu minti 90 muka gani. Ita kuwa shekara 15 ta yi tana tafiya kafin ta iso daren nan. Gaskiyar Hausawa da suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Aikin da ba a tafa masa

Wataƙila wani ya ce, to in haka take da ƙwazo, me ya sa ba a cika jin ta ci ƙwallo ba? Dalili shi ne wurin da take tsayawa. Mutum 11 ke cikin fili a kowane gefe. Akwai mai tsaron gida, sai 'yan baya, sai 'yan tsakiya, sai 'yan gaba. Tana yarinya ta ci ƙwallaye, amma da ta girma sai aka fi sanin ta da tsakiya, kusa da 'yan baya. Aikinta shi ne ta tare hanya, ta ƙwace ƙwallo daga abokan karawa tun ba su iso gida ba, ta miƙa wa na gabanta. Duk wanda ya taɓa kallon tseren jirage a bikin Rigata na Yauri ya san 'yan kallo hancin jirgi suke dubawa, amma wanda ke zaune a baya yana riƙe da filafili shi ke hana jirgin karkacewa. Irin aikin Halimatu ke nan. Ba a cika tafa masa ba, sai ranar da babu mai yin sa ake sanin amfaninsa.

Batun kuɗi ma yana da fuska biyu. Bayan an ci kofi a Kamaru a 2016, 'yan wasan sun yi kusan mako biyu a wani otal a Abuja sun ƙi fita, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, suna neman a biya su haƙƙinsu. A 2023 kuwa FIFA ta ware dala 60,000 ga kowace 'yar wasan da ƙasarta ta kai zagaye na biyu. A 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba kowace lambar girma ta OON, ya kuma yi musu alkawarin kuɗi daidai da dala 100,000 da gida mai ɗaki uku. Wanda ya ji na ƙarshen nan kaɗai zai ce sana'ar banza ce ta kawo kuɗi. Wanda ya ji duka ya san ba haka ba ne.

Ba mu kaɗai ba ne

Da ina zaton a wurinmu ne kurum ake ƙyamar mace ta buga ƙwallo. Ashe Turawan da suka kawo wasan su ma sun yi haka. A 1921 hukumar ƙwallo ta Ingila ta hana mata wasa a filayenta, aka yi kimanin shekara 50 ana kan haka. A Sikotlan kuwa sai a 1974 aka amince da su. Akwai wata 'yar ƙasar mai suna Rose Reilly, wadda aka haifa a 1955. Tana yarinya sai da ta rage gashinta ta ɗauki sunan maza kafin ta sami shiga cikin yara. Tana cikin waɗanda suka buga wa Sikotlan wasa da Ingila a 1972, amma da ta ga babu abin ci a gida sai ta tafi Faransa, daga nan Italiya, ta shiga ACF Milan. Hukumar ƙwallon mata ta ƙasarta ta haramta mata sa rigar Sikotlan, sai ta sa ta Italiya, har ta ci musu wata gasa ta ƙasashen duniya a 1984. Sai a 2007 mutanenta suka sa sunanta cikin jerin gwarzayen ƙwallon ƙasarsu. Na kawo wannan ne don mu ga cewa barin gida neman inda za a yi wasa ba a kan Halimatu aka fara ba.

Zuwa ga iyayenmu

Yanzu bari in juyo gida. Na san abubuwa uku ke damun iyayenmu game da wannan wasa, kuma ko ɗaya ba na wasa ba ne.

Na farko sutura. A nan ina da labari mai daɗi. Tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka yarda mace ta rufe kanta a fili. Ran 30 ga watan Yuli 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da lulluɓi, suka kuma ci Koriya ta Kudu 1 da nema. Doka ba ta hana a sa dogon wando a ƙarƙashin gajere ba, ko riga mai dogon hannu. Mu ma a makaranta haka muke sawa, kuma mu kaɗai ne mata a filin, malama tana tsaye.

Na biyu karatu. A nan kam ina bayan iyaye ɗari bisa ɗari. A gasar duniya ta 2023 mutum 23 kurum Nijeriya ta tafi da su, daga cikin dubban 'yan mata masu buga ƙwallo. Wadda ta sami shiga ma, galibi da ta wuce shekara talatin da 'yan kai sai ta ajiye, kuma rauni ɗaya a gwiwa yana iya zaunar da mutum wata da watanni. Wadda ba ta iya karatu ba, yaya za ta karanta kwantiragin da aka miƙa mata? In aka sallame ta kamar yadda aka yi wa Halimatu a 2016, me za ta koma wa? Duk 'yar'uwata da ta ce za ta bar littafi ta bi ƙwallo, ta saki reshe ne ta kama ganye.

Na uku nisa da gida. Wannan gaskiya ne, na kuma nuna muku shi da kaina a sama. Ba ƙaramin abu ba ne uba ya ga 'yarsa ta tafi ƙasar da bai san kowa ba. Hukuncin wannan yana hannun iyaye, ba ni da bakin magana a ciki. Amma ni ba Suwidin nake roƙo ba. Abin da nake roƙo shi ne a bar mu mu yi wasa a filin makaranta da yamma, bayan an tashi daga aji. 'Yan matan Shanga da Yauri da Ngaski ba ƙarfi muka rasa ba. Wadda ta saba da daka, da ɗauko ruwa daga gulbi, da taya iyaye aikin albasa da shinkafa a fadama, gudun minti 90 ba zai gagare ta ba. Ni dai na lura ranar da na yi wasa na fi yin barci mai kyau, na kuma fi gane karatun dare. Wasan ya koya mini zuwa a kan lokaci, da bin umarnin shugaba, da haɗiye fushi in an yi mini ƙeta, domin na ga abin da jan kati ɗaya ya jawo wa wadda ta fi ni.

Da na koma gida hutu na gaba na zauna kusa da Kaka na ba ta amsoshinta uku. Na ce 'yar Kaduna ce, ta zauna garuruwa da yawa, kuma da guminta take ci. Na ba ta labarin sallamar Amurka da sanyin Belarus da jan katin Rabat. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe yarinyar ta sha wuya. Allah ya yi mata albarka." Baba yana gefe yana gyaran koma, ban san yana saurare ba. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya hana ba. Abin da ya ce kurum shi ne, "Ki kawo mini sakamakon jarrabawa tukuna, sa'an nan mu yi maganar takalmin ƙwallo." Ni kuwa na karɓi wannan sharaɗi hannu bibbiyu.

Nan zan dakata. Inda na yi kuskure ina roƙon malamaina su gyara mini. Allah ya ba mu ilimi mai amfani da lafiyar jiki, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.